Yanda zaka shirya tafiya Zanzibar, daga biza har bakin ruwa

Yawancin mutanenmu da suke zuwa Zanzibar hoto ne ya kai su. Farin yashi, ruwa garai-garai, wani ya kishingiɗa da kwakwa a hannu. Sai mutum ya sauka filin jirgi mota ta kwashe shi kai tsaye zuwa otal a Nungwi, yayi kwanakinsa tsakanin ɗaki da bakin ruwa, ya dawo gida in ka tambaye shi me ya gani ba abun da zai ce maka sai ruwa. Gaskiya ni a wajena wannan asarar kuɗin jirgi ce. Tsibirin nan ya taɓa zama fadar sarkin Oman, kuma babbar kasuwar bayi da hauren giwa da kanumfari ta gabashin Afirka, duk alamun suna nan a tsaye zaka iya taɓa su da hannu. Dan haka tsarin da zan baka shine ka fara da gari, sannan daji, bakin ruwa ya zama na ƙarshe. Kwana shida ko bakwai sun isa in ka jera su daidai.

Biza tukunna, kar ka taɓa tikiti

Zanzibar ɓangare ce ta Tanzaniya. Tana da shugabanta da majalisarta, amma biza ta Tanzaniya ce. To anan ne fa mai fasfon Najeriya ko Nijar ko Chadi zai yi hattara, dan mu ba a cikin waɗanda ake buga wa biza a filin jirgi muke ba. Tamu irin wadda sai an tura takardunka hedikwatar shige da fice an duba an amince tukunna, kuma tana ɗaukar lokaci, su da kansu shawararsu mutum ya nema kamar wata biyu kafin tafiya. A shafin hukumar shige da ficen Tanzaniya ake cike fom ɗin a intanet, zaka ɗora hoton fasfo, hotonka, da bayanin inda zaka sauka da ranar komawa. Abun da yafi shine ka kama ɗaki irin wanda za a iya sokewa ba asara, kayi amfani da takardar, kar ka biya kuɗin jirgin da ba a mayarwa sai amincewa ta fito. Fasfo kuma ya zama yana da sauran wata shida aƙalla.

Sai yalo kad, katin rigakafin shawara. Duk wanda ya fito daga ƙasashenmu za a iya tambayarsa a bakin shiga, kuma allurar sai tayi kwana 10 kafin katin ya fara aiki, dan haka ba abun yi bane ana gobe tafiya. Ga kuma wani sabon abu da mutane da yawa basu sani ba: tun 1 ga Oktoban 2024 duk baƙon da zai shiga Zanzibar sai ya sayi inshorar gwamnatinsu, dala 44 ga babba, ko da kuwa yana da wata inshorar daga gida. A intanet ake biya su turo maka takarda mai lamba. Ka buga komai a takarda ka saka a jakar hannu, biza, inshora, takardar otal, tikitin komawa. Waya tana iya mutuwa a daidai lokacin da jami'i ya miƙo hannu.

Wane wata?

Daminarsu biyu ce. Babbar daga Maris zuwa Mayu, ruwa ne na gaske ba wasa, wasu otal ma rufewa suke, sai dai kuma lokacin ne komai yake araha. Ƙaramar kuma wajen Nuwamba, ta zubo ta ɗauke. Daga Yuni zuwa Oktoba ne iska take da daɗi ba zafi sosai, shi yasa ni nan nake ba mutum shawara. Disamba zuwa Fabrairu akwai zafi mai gumi, ba irin busasshen zafinmu ba, wanda riga take manne maka a baya tun hantsi, ga tsada ƙarshen shekara saboda Turawa sun gudo daga sanyi.

In da azumi zaka je, ka sani garin Musulmi ne sosai, yawancin gidajen abinci na cikin gari a rufe suke da rana kuma cin abu a titi abun kunya ne. Ga mai azumi wannan ba matsala bace, buɗa-bakinsu ma abun gani ne, amma yawo a rana da ƙishirwa a wannan gumin sai ka shirya.

Hanya

Daga Kano ko Abuja ko Legas mafi sauƙi shine Ethiopian Airlines ta Adis Ababa, ka canja jirgi ka sauka kai tsaye a filin jirgin Abeid Amani Karume. Suna zuwa Yamai da Injamena ma. Akwai Kenya Airways ta Nairobi, akwai Qatar ta Doha in baka damu da zagaye ba. Daga filin jirgi zuwa tsohon gari bai wuce minti ashirin ba, ka sa otal ɗinka su turo mota ko ka daidaita kuɗi da direba kafin ka saka jaka a but.

Wata hanyar kuma ka sauka Darussalam ka hau jirgin fito, kamar awa biyu ne a teku, na Azam Marine su aka fi sani. In ta nan zaka bi, ka shiga ofis da ƙafarka ka yanki tikiti da fasfo, kar ka ba kowa jakarka ko kuɗinka a bakin tasha komai kyan rigarsa. Baƙo yana biyan fiye da ɗan ƙasa, haka tsarin yake ba cuta bace. Wanda bai saba da teku ba ya hau na safe kuma ya sha maganin hana amai tun kafin a tashi, dan daga tsakiyar shekara ruwan yakan yi tsalle da yamma. Ko daga Darussalam ka taho sai an sake duba fasfonka a Zanzibar, kar ka tura shi ƙasan akwati.

Agogonsu yana gaba da na Najeriya da Nijar da awa biyu. Ga kuma wani abu da yake rikita baƙi: a bakin mutanen gari lissafin awa daga fitowar rana yake farawa, ƙarfe bakwai na safe ita ce awa ɗaya a wajensu. In kunyi alkawari da mai kwale-kwale ko direba, ka nuna masa lokacin a fuskar waya ku tabbatar abu ɗaya kuke nufi.

Kuɗi kuwa shilin na Tanzaniya ne. Ka taho da dala sababbi masu tsabta, dan tsofaffin bugu da masu yagewa ana ƙin karɓa, ka canja a cikin gari inda farashi yafi na bakin ruwa. ATM sun fi yawa a cikin gari, ƙauyukan bakin teku kaɗan ne kuma sukan ƙare. Katin naira kar ka dogara da shi sai ka tambayi bankinka. Layin waya na Vodacom ko Airtel da fasfo ake rajista. Soket ɗinsu mai baki uku ne irin na Najeriya, na Nijar ne zai nemi adafta. Leda kuma an hana ta a Tanzaniya tun Yunin 2019, dan haka kayan da Hajiya ta ƙulle a baƙar leda a sauya musu mazubi tun daga gida.

Kwana biyu ko uku na farko: tsohon gari

Su suna ce masa Mji Mkongwe, Turawa kuma Stone Town saboda da dutsen murjani na teku da farar ƙasa aka gina shi. UNESCO ta saka shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2000. Ka kama ɗaki a ciki, ba a wajen gari ba, amma ka tambaya ko akwai lifta in kana tare da dattijo, dan yawancin otal ɗin tsofaffin gidajen attajirai ne masu hawa uku huɗu da matakala a tsaye. Ka tambaya kuma ko harajin kwana na gwamnati yana cikin kuɗin ɗakin.

Yinin farko kar ka ɗauki ɗan jagora, kar ka buɗe taswira, ka shiga lungu kawai. Wanda ya san lungunan cikin birnin Kano bayan Kurmi ba zai ji baƙunta ba, mota bata shiga, babur ne kawai zai maka hon ka manne da bango. Ɓata dole ne kuma ba komai, garin ƙarami ne, duk inda ka miƙe ko ka ɓulla teku ko ka ɓulla babban titin kasuwa. Abun da zaka dinga kallo shine ƙofofi. Katako ne mai kauri an sassaƙa shi, wasu da manyan ƙusoshin tagulla masu tsini. Masu kai a miƙe da rubutun Larabci a sama, sau da yawa aya ce ko sunan mai gida da shekara, na Larabawa ne, masu kai a lanƙwashe kuma salon Indiyawa ne. A jikin kusan kowane gida akwai dakalin zama da suke kira baraza, nan dattawa suke zama da kofi. Ka nemi Jaws Corner da safe, wani ɗan fili ne a tsakiyar lunguna, mai kofi yana zubawa daga butar tagulla ko ta ƙarfe a ƴan ƙananan kofuna ba madara ba suga, ana haɗawa da kashata, wata alewar gyaɗa ko kwakwa. Kayi sallama ka zauna. Sallama tana buɗe maka ƙofa a garin nan fiye da turanci, dattijo kuma ana gaishe shi da shikamoo ya amsa marahaba.

Yini na biyu ne zaka ɗauki ɗan jagora mai katin shaida, kuma kafin ku fita ga ɗan abun da ya kamata ka riƙe a ka dan kar surutun ya zame maka sunaye barkatai. Turawan Fotugal sun riƙe gaɓar nan kusan shekara ɗari biyu, Larabawan Oman suka kore su a 1698, su suka gina tsohuwar ganuwar da ke bakin ruwa, Ngome Kongwe. Wajen 1840 Sayyid Sa'id, sarkin Oman, ya ɗauke fadarsa daga Maskat ya dawo da ita nan gaba ɗaya, shi ya matsa aka cika tsibirin da gonakin kanumfari. Gonaki kuma suna son hannu, hannun kuwa bayi ne da ake kamowa daga can cikin ƙasa, yankin tafkin Tanganyika da Malawi har gabashin Kwango, su ɗauko hauren giwa a ka zuwa gaɓa sannan a sayar da hauren a sayar da su. Duk ƙofa mai kyau da ka gani jiya, ka sa a ranka akwai yiwuwar daga nan kuɗinta ya fito.

Dan haka ku fara da Mkunazini, inda kasuwar bayin take. An rufe ta a 1873 zamanin Sarki Bargash, da matsin Ingila, kuma a wannan filin aka gina babban cocin Anglika. Na san wani zai ce shi ba zai shiga harabar coci ba. Ra'ayinka ne, amma ɗakin baje tarihin da ɗakunan ƙarƙashin ƙasa ba cikin cocin suke ba, a gefe suke, kuma su ne abun zuwa. Zaka sauka wasu ƴan matakala ka shiga ɗaki mai rufi ƙasa-ƙasa sai ka sunkuya, dakalin siminti hagu da dama, ƴar taga siririya, sarƙa a rataye, ƴan jagora zasu ce maka nan ake tsare mutane kafin ranar kasuwa. A waje akwai rami da gumakan mutum biyar an ɗaure su da sarƙa a wuya, aikin wata ƴar Suwidin ne na 1998. Ka ba ɗakin bajen awa guda ka karanta allunan a nutse, dan basu ɓoye komai ba: masu sayen da masu sayarwar akwai Larabawa, akwai Waswahili, akwai sarakunan Afirka, akwai Indiyawa masu ba da jari, akwai Turawa masu gonakin rake a tsibiransu. Da yawansu Musulmi ne, kuma mu da muka fito daga ƙasar da ita ma aka yi cinikin bayi a kasuwanninta bamu da bakin cewa abun wasu ne can. Rufe kasuwar ma bai kashe cinikin ba, ya koma ɓoye, sai 1897 aka soke bautar a doka. A Mangapwani, arewa da gari, akwai wani ɗaki da aka haƙa cikin dutse a bakin teku da ake dangantawa da wannan fasa-ƙwaurin. Gidan Tippu Tip, babban dillalin hauren giwa da bayi da ya mutu a 1905, yana nan cikin unguwar Shangani, daga waje zaka ga ƙofarsa.

Daga nan ku gangara bakin ruwa. Dogon ginin nan mai ginshiƙai shine Beit al-Ajaib, Bargash ya gina shi a 1883, shine gini na farko da ya samu lantarki a tsibirin, har da lifta. Wani sashe nasa ya rufta a Disamban 2020, dan haka ka tambaya ko an buɗe kafin ka sa rai da shiga. A gaban nan ne aka yi yaƙin da ake cewa yafi kowanne gajarta a tarihi, ranar 27 ga Agustan 1896, lokacin da Khalid ɗan Bargash ya hau gado ba da yardar Ingila ba, jiragen yaƙinsu suka buɗe wa fada wuta, ko minti 45 ba a cika ba aka gama. Sarautar ta ci gaba ƙarƙashin Ingila har aka ba su ƴanci a Disamban 1963, wata ɗaya kacal bayan nan, 12 ga Janairun 1964, aka yi juyin juya hali aka kori Sarki Jamshid, aka kashe Larabawa da Indiyawa da yawa, wasu suka gudu Oman. Ranar 26 ga Afrilun wannan shekarar aka haɗe da Tanganyika aka samu Tanzaniya. Maganar 1964 da ta haɗewar har gobe tana da zafi a wajensu, in mutum ya ɗauko maka ita ka saurara, amma kai kar ka tsokano.

Sauran wuraren na wucewa ne: gidan wankan Hamamni na zamanin Bargash, tsohon ɗakin shan magani mai barandar katako kusa da tashar jirgi, da kasuwar Darajani wadda ita kam da safe ake zuwanta, ɓangaren kifi in hancinka zai ɗauka.

Sallah ba zata baka wahala ba, masallatai ko ina cikin lungu. Abu ɗaya ka kiyaye a ɗakin otal: alƙibla a Zanzibar ba gabas bace, arewa ce, dan Makka tana kusan saitin kansu. Yawancinsu Shafi'awa ne, zaka ji liman yana bayyana bisimilla, ƙunutin asuba kuma bayan ruku'u da ɗaga hannu. Akwai Ibadawa ƴan asalin Oman su kuma suna sakin hannu. Kaftani da hula ko abaya da hijabi su ne ma suturar da tafi dacewa da garin, su maza kanzu da kofia suke sawa, kai dai ka zaɓi yadi mara nauyi, shadda mai sitati zata gasa ka.

Bayan magariba sai Forodhani, lambun bakin ruwa inda ake jera tebura da fitilu. Akwai mishkaki wato tsirensu, akwai abun da suke kira fizar Zanzibar, ƙullin fulawa ne ake shimfiɗawa a zuba niƙaƙƙen nama da albasa da ƙwai a naɗe a soya a faranti, akwai urojo, wani romo mai tsami da dankali da ƴan soye-soye a ciki, sai ruwan rake da ake matsewa a gabanka da citta da lemun tsami. Shawarata ka ci abun da aka dafa a gabanka. Kifi da jatan lande da aka tula a tebur tun yamma ana ɗumamawa, ka wuce su, kuma ka tambayi kuɗi kafin a ɗora maka a faranti ba bayan ka ci ba. Abinci na gaske, filau da biriyani da kifi a miyar kwakwa, a ƙananan gidajen abinci na cikin gari yake da rana inda ma'aikata suke ci.

Rabin yini biyu: kunkuru da kayan ƙamshi

Tsibirin Changuu, wanda ake tallarsa da sunan tsibirin kurkuku, kamar minti talatin ne a ƙaramin jirgi daga bakin Forodhani. An gina kurkukun a 1893 amma ba a taɓa tsare fursuna a ciki ba, wajen killace masu cuta ya koma. Abun kallon manyan kunkuru ne da asalinsu kyauta ce daga tsibiran Seshel a 1919, wasu sun haura shekara ɗari, sai ka ga ɗaya ya miƙo wuya yana jira a sosa masa. Yara suna so sosai. Ka tafi da wuri kafin cunkoso, ka tabbatar akwai rigar ruwa ta ceto a jirgin ga kowa, kuma a faɗa maka ko kuɗin shiga yana cikin na jirgi, dan daban ake biya.

Gonakin kayan ƙamshi suna wajen Kizimbani da Kidichi, ƙasa da awa ɗaya daga gari. Gaskiya yawancinsu gonakin nuni ne aka shirya dan baƙi, kanumfarin kasuwa yawanci daga tsibirin Pemba yake fitowa, amma duk da haka kar ka ƙi zuwa, musamman in da uwargida. Mu da muke zuba kanumfari da masoro da kirfa a kunu da yaji da shayi kullum, da yawanmu bamu taɓa ganin uwarsu ba. Kanumfari ashe tohon fure ne ake tsinkewa kafin ya buɗe a shanya a tabarma har yayi baƙi, bishiyarsa doguwa. Masoro yaɗo yake yana hawa jikin wata bishiya. Kirfa ɓawo ce, za a kankaro maka ka sansana, sannan a tono saiwar ka ji ita kuma ƙamshin man zafi take. Ka riƙe canji dan yaran da zasu saƙa maka hula da ganye da wanda zai hau kwakwa duk suna sa ran wani abu.

Jozani, a kan hanyarka ta zuwa gabas

Kar ka ware masa yini, ranar da zaka bar gari zuwa bakin ruwan gabas ka ce wa direba ya tsaya, a kan hanya yake, kilomita 35 ko kusa da haka. Nan ne gidan jan birin Zanzibar, wanda babu shi ko ina a duniya sai tsibiran Zanzibar, bayansa ja, gashin kansa fari a tsaye, hannunsa ba babban yatsa na kirki. Suna da wata ɗabi'a ta cin gawayi, wai yana kashe musu dafin ganyen da suke ci. Da ɗan jagoran wajen ake shiga, ba a ba su abinci, ba a matsowa kusa sosai dan suna ɗaukar cutar mutum. Bayan birai akwai gadar katako da ta ratsa dajin itatuwan da suke tsirowa cikin ruwan gishiri, saiwoyinsu a waje, ƙananan ƙaguwa suna shiga rami suna fita. Awa biyu ta isa. Ka sa takalmi rufaffe.

Yanzu sai bakin ruwa, amma ka duba wata

Anan ne mutane suke shan mamaki. Teku tana cika tana janyewa sau biyu a yini, kusan awa shida tsakani, kuma kullum lokacin yana matsawa gaba da kusan minti hamsin. A gabas, Paje da Jambiani da Bwejuu da Matemwe, in ta janye sai ka hango ruwan can nesa, sai kayi doguwar tafiya kafin ya kai maka gwiwa. Janyewar tafi yawa a tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu sha biyar. Dan haka wanda wanka ya kawo shi ko wane lokaci, Nungwi ko Kendwa a arewa ne nasa, kamar awa ɗaya da rabi daga gari, can ruwan baya gudu sosai kuma rana tana faɗuwa a teku. Sai dai can ne hayaniya da kiɗa da giya da Turawa ba kaya, Kendwa ma har casu suke na cikar wata. Mai iyali da yake son natsuwa ni Jambiani ko Matemwe zan ce masa, ya nemi ƙaramin otal ya tambaya tun a waya ko akwai mashaya a tsakiyar wajen cin abinci.

Kuma janyewar ruwan ba asara bace. A Paje da Jambiani lokacin ne mata suke fita gonarsu ta cikin teku, sun kafa turaku sun ɗaura igiya suna noman ciyawar ruwa da suke kira mwani, sana'ar da ta fara wajen 1989, ana shanyawa a sayar waje, wasu kuma suna yin sabulu da ita. Ka nemi izini kafin ka ɗauki hoton kowa, kar ka taka musu igiya. Ka sayi takalmin roba na shiga ruwa saboda wata halitta mai baƙaƙen ƙayoyi da take ɓuya a duwatsu, in ta soke ka tafiyar ta lalace. In ka ga ruwa ya fara dawowa ka juyo nan take, yana da sauri fiye da yanda ido yake gani. A Nungwi kuma ka zaga bayan otal-otal ka ga masu sassaƙa jirgin katako da hannu, irin jiragen da iskar arewa da suke kira kaskazi take kawowa daga Arabiya da Indiya tun ɗaruruwan shekaru, iskar kudu wato kusi ta mayar da su.

Wanda ya iya ruwa zai iya bin jirgi zuwa gefen ƙaramin tsibirin Mnemba ya leƙa kifaye da murjani da tabarau. Wanda bai iya ba, kuma yawancinmu ƴan tudu bamu iya ba, ba abun kunya bane ya sa rigar ceto ko ya zauna cikin jirgi. Rana kuma tana ƙona baƙar fata ma, ka shafa mai ka sa hula. Da dare gidan sauro, maleriya ta ragu sosai a tsibirin amma bata ƙare ba.

In ka sauka a gabas ka ware safiya ɗaya ka gangara Kizimkazi a kudu. Ana kai mutane kallon dolfin, sai dai yanda jirage suke rufar musu a guje ni bai min ba. Abun da zai kai ka shine masallacin Kizimkazi Dimbani, ƙaramin gini ne da ba zaka ɗauke shi komai ba daga waje, an sake gina shi daga baya, amma a jikin mihirabinsa akwai rubutun Kufi mai ɗauke da shekarar 500 bayan hijira, wato 1107. Har yanzu ana sallah a ciki. Ka nemi mai kula da shi ya buɗe maka ka ajiye wani abu na sadaka.

Ƴan cuwa-cuwa, tsaraba, komawa

Masu bin baƙi suna tallar yawo su ake kira papasi, zasu bi ka a gari da bakin ruwa. Hapana asante, wato a'a na gode, ka ci gaba da tafiya ba tsayawa, ya wadatar. Kar ka ba kowa kafin alƙalami a bakin yashi dan tafiyar gobe, ka biya ta otal ko ofis mai ƙofa. Tsakanin garuruwa akwai dala-dala, motar haya ce mai araha sosai daga wajen Darajani in ba ka da kaya da yawa kuma baka gaggawa, in da iyali kuwa shatar mota tafi. Hayar mota ka tuƙa da kanka sai da takardar izini ta can, ga tuƙin hannun hagu ga shingen ƴan sanda, ni dai bana ba baƙo shawarar haka.

Daren ƙarshe ka dawo tsohon gari ka kwana, kar ka taso daga Nungwi ranar jirgi. Tsaraba a Darajani zaka saya ba a shagunan Turawa ba: kanumfari da kirfa da masoro da banila a awo, haluwa, hula kofia mai aikin hannu, da zanen kanga na mata wanda biyu-biyu ake sayarwa. Kowace kanga akwai magana rubuce a bakinta, wata addu'a ce wata kuma habaici ne, dan haka ka sa mai shago ya fassara maka kafin ka kai wa surukarka. Ciniki ana yi, ka taya ƙasa da fara'a. Katantanwar teku da murjani da duk abun da aka yi da ƙoƙon kunkuru kar ka saya ko an maka araha, ana iya ƙwacewa a filin jirgi har da tara. Shilin da ya rage maka kuma ka canja shi ko ka kashe shi kafin ka shiga jirgi, dan ko a Wapa, kasuwar ƴan canji ta Kano, da wuya ka samu mai karɓarsa.